Akuya Mai Kan Rumbu

Titus ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In aka tambaye ni sana'arsa sai in ce yana buga rubutu da hoto a jikin riguna, don wannan ne ɓangaren da na gane. Ɗaya ɓangaren, wanda ya sa ake zancensa daga Madawa har Tamaske, har yau in na fara bayaninsa sai in maƙale a tsakiya.

Sunana Lahadi. Ina aikin wanki a asibitin mishan da ke garinmu, a bakin gudron, wato titin kwalta, ba nisa da Madawa. A nan mahaifinmu Yosefu ya yi kafinta har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ke gyaran gadajen majinyata, shi ke sassaƙa sandunan masu karaya, bencinan majami'armu ma duk aikinsa ne. Mutum ne mai son abu ya zauna daidai, in ƙafar tebur ta ɗan karkace ba ya iya cin abinci a kansa. Titus ya gaji hannunsa, amma kan nasa ban san inda ya samo shi ba.

Tun muna yara abin ya fara. Wata ranar sujada, a ajin yara, malama ta ba mu labarin tunkiyar da ta ɓata, ta ce kowa ya zana ta a allonsa. Duk muka yi wani abu mai ƙafa huɗu muka miƙa. Ta Titus kuwa tunkiya ce sosai, har da gashinta da kofatonta, sai dai akwai ƙofa a haƙarƙarinta, ƙofar a ɗan buɗe, a ciki ga wani ɗan mutum zaune da sanda.

Malama ta ce, "Wane ne wanga?"

Ya ce, "Makiyayin na."

"Mi shika yi cikin tunkiya?"

"Nemanta shika yi."

Malama ta duba allon, ta duba yaron, sai ta ce mu tashi mu yi waƙa.

Karatu bai karɓe shi ba. Da ya faɗi jarrabawar birbe, Baba ya tura shi Maraɗi wurin wani mai buga riguna, ya yi shekaru yana wanke masa kaya har ya iya aikin. Da ya dawo ya kama wata rumfar kwano a bayan tashar Madawa, tsakanin mai facin taya da mai tuyar awara. Aikin serigarafi suke ce masa. Akwai katako mai kusurwa huɗu, kadar, an ɗame wani lallausan yadi a jikinsa kamar rariyar tankaɗe. Sai ya shafe yadin da wani magani mai yauƙi a cikin duhu, ya ɗora zane a kai, ya fito da shi rana na ɗan lokaci, sa'an nan ya watsa masa ruwa. Inda zanen ya rufe sai maganin ya zube, ƙofofin yadin su buɗe. Daga nan sai ya ɗora kadar a kan riga, ya zuba tawada, ya ja ta da guntun roba, ya ɗaga. Kowane launi da nasa kadar. Na sha kallo, kuma har yanzu in ya ɗaga na ga hoto ya fito sai na ji wani iri.

Da wannan yake ci. Mayo, wato rigunan ƴan ƙwallo, rigunan biki masu hoton ango da amarya, bandarol, ƙyallen sanarwa na ƙungiyoyin mata, sunayen dillalan albasa a kan buhuna. Aikinsa tsaf, ba mai kuka da shi. Amma in tawada ta rage a ƙarshen aiki ba ya zubarwa. Yana tara takardun buhun siminti, ya kakkaɓe, ya goge su da dutsen guga, ya buga nasa abubuwan a kai, waɗanda ba wanda ya sa shi. Kifi da rawani yana tuƙa kabu-kabu. Albasa an raba ta biyu, a tsakiyarta kunnen mutum. Raƙumi mai ƙafafun tsani, mutane suna hawa suna sauka da kaya a ka. Ya manne su a bangon kwano har ba ka ganin kwanon. Matarsa Susana, mai sayar da nonon yawur a bakin lakkwal, wato makarantar boko, ta ce mini ita ta daina tambaya tun ranar da ya zana ta da reshen bedi a madadin hannu, ta yi kwanaki ba ta san ko yabo ne ko zagi ba.

Ina rumfar ranar da Abdurrahman ya fara zuwa, ranar hutuna ce na shigo sayen sabulu. Siriri ne, da gilashin rana mai tsagaggen ido ɗaya. Bayansa wani mutum ne wanda sai da ya ranƙwafa kafin ya shigo, ban taɓa ganin dogo irinsa ba.

"Salamu alaikum. Kai na mai pantir?"

"Ni na."

"Sunana Abdurrahman, daga Tamaske. Wanga Gajere na."

Abdurrahman ya yi shekaru a Abijan yana dako, ya dawo gida ba da rediyo ko katifa ba kamar sauran ƴan cin rani, sai da wata tsohuwar na'urar ƙara sauti. Ya haɗa ta da gurumi da batirin mota. Shi kuma Gajere ba ya kaɗa komai sai motopomp, injin nan na ban-ruwan albasa. Yana tayar da shi, ya rage masa wuta, ya ƙara, ya toshe bututun da hannu ya saki. Su biyu ke nan, suna kiran kansu Ruwan Batir. Ba a gayyatarsu biki, ba a sa su a rediyo. Waƙoƙinsu a waya suke yawo, daga katin memwar na wannan waya zuwa na waccan. Yanzu suna son su yi wasa a bainar jama'a karo na farko, kuma suna son afish, takardar sanarwa mai hoto da za a manna.

Abdurrahman ya jona ekutar, abin sauraro, a wayarsa, ya sa wa Titus a kunne. Titus ya rufe ido ya daɗe, sa'an nan ya zare ya miƙo mini. Abin da na ji, inji ne ke tari, a kansa wata tsirkiya tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, can ƙasa kuma jaki ne ke haniniya a hankali, a hankali, kamar daga cikin rijiya.

Na ce, "Malam, wayarka ta lalace."

Ya yi murmushi kamar na yabe shi. "Hakanan shike, Yaya."

Titus ya ce, "To mi kaka so in zana?"

"Abin da kaj ji."

"Ban san mi nij ji ba."

"Yawwa! Shi muka so."

Abin da ya fito akuya ce, ja da baƙi a kan ruwan ƙasar takardar siminti. Jikinta na akuya ne sak, amma a wurin kai rumbu ne, irin namu na laka mai tumbi, da hular ciyawarsa, gero na zubowa daga bakinsa yana yin sama maimakon ƙasa. Wuyan gurumi siriri mai tsini ya shiga ta cinyarta ya fita. Rubutun kuwa ya yi shi kamar saiwar itace, ya murɗe ya sarƙe, ni da na yi lakkwal ban iya karanta komai ba sai Galma da ranar kasuwa. A Galma za a yi wasan, don kawun Gajere yana da fili a gefen kasuwa, kuma motopomp ɗin ma nasa ne. Abdurrahman ya ga afish ya rungume Titus. Suka bi ƙauyuka a kan moto suna mannawa a jikin itatuwa da bangon injin niƙa.

Ranar na bi Titus, don in ga ƙarshen abin. Ya sa wata tsohuwar farar rigar asibiti da na ba shi yana kare kayansa daga tawada, wai don kada ƙura ta ɓata masa riga. Muka iso bayan azahar. Tun daga nesa muka ga filin ya cika. Gajere ya tare mu yana washe baki, ya ce bai taɓa zaton za a taru haka ba. Sai da muka matso na lura da cewa yawancin taron ba mutane ba ne. Awaki ne, da tumaki, da ƴan jakuna a gefe, kowa riƙe da igiyar nasa, sun yi layi cikin ladabi.

Wani dattijo ya dubi farar rigar Titus ya ce, "Sannu da zuwa, likita. Mun daɗe muna jira." Kafin Titus ya ce uffan, mutumin ya ɗaga ƙafar bunsurunsa ta baya ya nuna masa cinya.

Sai a lokacin muka gane. Mutane sun ga hoton akuya da wani abu mai tsini a cinyarta, sun ga sunan Galma da ranar kasuwa, suka ce allurar bisashe ce za a yi kyauta. Labari ya bi ƙauyuka, har daga bayan dutse an koro dabbobi tun da safe.

Abdurrahman ya hau benci yana bayani, kukan awaki ya hana a ji shi. Wani ya ce ai haka ƴan porje, ƙungiyoyin nan na agaji, ke yi, sai an fara wasa da faɗakarwa kafin a zo ga allura. Jama'a suka yarda da wannan, suka zazzauna. Abdurrahman ya dubi Gajere, Gajere ya dubi Titus, Titus ya dube ni. Ni kuwa ban san wa zan duba ba. Gajere ya ɗaga kafaɗa, ya kama igiyar motopomp ya fizga.

Ƙarar farko da ta fito daga bafil, akwatin sautin nan, awakin nan suka zabura gaba ɗaya. Igiyoyi suka kuɓuce. Garke ya nufi kasuwa, ya bi ta kan tumatir da busasshiyar kuɓewa, wani rago ya fita da tiren ƙuliƙuli a ƙahonsa, mata na ihu, maza na gudu da sanduna. Shi kuwa Abdurrahman ido rufe yana ta kaɗa guruminsa, bai san abin da ake ciki ba. Daga baya ya ce mini wurin nan ne waƙar ta fi daɗi.

Aka kai mu gaban Maigari, wani tsoho mai sanyin magana, yana zaune a kan buzu a inuwar zaure. Aka miƙa masa afish. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya matso da ita kusa.

"Wa yay yi wanga?"

Titus ya durƙusa. "Ni na, ranka shi daɗe."

"Akuya ta?"

"I."

"Ina kanta?"

"Rumbun na kanta."

"To da mi taka cin haki?"

Titus ya ce, "Ban yi tunanin wanga ba, ranka shi daɗe."

"Allurar ga hwa?"

"Ba allura ba ta. Gurumi na."

"Gurumi. Cikin cinyar akuya." Maigari ya gyaɗa kai a hankali. "Kuma mi kaka nuhi da shi duka?"

Na ga bakin Titus yana motsi. Da gaske yake neman amsa, ba taurin kai ba ne. Ya duba hoton kamar wani ne ya yi shi. Can ya ce, "Da na san mi nika nuhi, da na rubuta shi da baƙaƙe, ranka shi daɗe."

Maigari ya juyo gare ni. "Ke yayarshi ta? Lahiya shike?"

Na ce, "Lahiya lau, Baba. Shina da mata da sana'a." Ina faɗi ina jin muryata ba ta da ƙarfi.

Ya yanke cewa su taya mutane tattara dabbobinsu, su ba matan kasuwa haƙuri su gyara musu ɓarnar da aka yi, kuma nan gaba duk mai manna takarda a Galma ya rubuta ta yadda ɗan lakkwal zai iya karantawa. Sa'an nan ya naɗe afish ɗin da kyau ya sa a aljihun rigarsa, bai ce don me ba.

Muna fitowa wata tsohuwa ta kama hannun rigar Titus. Sunanta Kulu, an ce daga wata tunga take can gefen gulbi. Ita ba ta zo da dabba ko ɗaya ba.

"Ɗana, ina kag gane ta?"

"Wa, Inna?"

"Akuyata." Ta zaro afish daga cikin zanenta, ta yage ta ne daga jikin wata bedi. Ta sa yatsa a ƙafar akuyar ta baya, inda akwai wani ɗan tabo mai haske. "Ga shaidarta nan. Bara waccan ruwa yat tahi da ita, ita da rumbuna, rana guda. Ni na san ba allura aka yi ba. Na taho in tambayi wanda yag gane su."

Ni na san tabon nan. Ina wurin lokacin da ake bugawa, tawada ce ta ƙi kamawa a daidai nan, Titus har ya yi tsaki. Na ga ya buɗe baki zai faɗa mata haka, sai na mintsine shi.

Ta ce, "Lahiya take can?"

Titus ya dubi hoton ya daɗe. Ya ce, "Ga alama ta ƙoshi, Inna."

Tsohuwar ta saki ajiyar zuciya, ta sa masa albarka, ta mayar da takardarta cikin zane ta tafi.

A hanyar komawa yana tuƙa moto ina bayansa, har muka hau gudron. Ya ɗan juyo ya ce, "Yaya, ban taɓa zuwa tungarsu ba."

"Na sani."

"Tabon ga kuskure na."

"Na sani."

"To ƙaƙa anka yi?"

Na ce ya dubi gabansa, ga kamiyon albasa nan tafe.

Kafin labari ya iso garinmu ya canza kama. Wasu suka ce Titus ya kira iskoki da hoto sun shiga awaki. Pasto Ezra, wanda ya yi mana baftisma mu duka, bai kira shi gaban dattawa ba, shi ya hau mota ya je rumfar da kansa. Titus ya gaya mini ya zaga bango yana kallo, hannuwansa a baya, kamar mai duba majinyata.

Ya ce, "Titus, daga ina suka zuwa?"

"Ban sani ba, Baba Pasto. Wani lokaci ina wanke kadar sai in gane su."

"Tsoro suka ba ka?"

"A'a. Sai dai in ban hidda su ba, kaina ka yin nauyi."

Pasto ya ce shi dai ya duba bai ga zunubi ba, amma kuma bai ga ko mene ne ba. Don a rufe bakin mutane sai ya ba shi aikin rigunan taron matasa na shekarar. Ya ce, "Kurciya kawai, Titus. Kai guda, hiffike biyu, reshe ga baki. Kada ka sa mata ƙohwa."

Titus ya yi kurciya, fara tas, irin wadda kowa ya sani. Amma sunansa ya riga ya fita. Ranar taro matasa suka riƙa jan gaban rigunansu suna leƙe, kowa na neman abin da ya ɓoye. Wani ya ce ya ga fuskar bunsuru a fiffiken dama. Wata ta ce makulli ne. Wata ƴar korale, ƙungiyar mawaƙanmu, ta ƙi sa tata, wai idon kurciyar yana bin ta. Titus ya rantse ba abin da ya sa. Da yamma na same shi a tsakar gidanmu ya shimfiɗa rigar a kan tabarma ya tsura mata ido.

"Yaya, zo ki diba nan, ƙarƙashin wuya. Ba kamar kihi ba?"

Na duƙa na duba. Ubangiji ya gafarta mini, na ga kifi.

Abin mamaki, wasan Galma shi ya buɗe masa hanya. Wani ya ɗauki gudun awakin a waya, da kiɗan a bayansa, ya yi ta yawo. Ashe irin su Abdurrahman suna nan a ɓoye nan da can. Wasu ƴan'uwa biyu daga Buza masu kaɗa jarkoki da tsofaffin faranti suka zo. Wani daga Tawa, wanda ke ɗaukar kukan iska a cikin bututun ƙarfe, ya aiko da nasa ta waya. Kowa na son hoton da zai bi waƙarsa in an tura ta. Titus ya saurara, ya zana, ya buga ƴan kaɗan, su zo su ɗauka. Ba su da yawa, kuma duk sun san juna. In suka haɗu a rumfar sai su zauna a kan buhuna suna shan shayi suna kallon bango, ba mai tambayar ma'anar komai. Ina jin wannan ne ya sa yake son su.

Daga nan wata baturiya mai ɗan ƙaramin kamfanin waƙa ta ji Ruwan Batir, ta nemi Abdurrahman a waya. Tana son ta fitar da kiɗansu a faifai, irin baƙin nan mai faɗi na zamanin kakanni, kuma tana son Titus ya buga hoton bangon faifan da hannunsa, a kan takardar siminti, ba wata ba. Ya yi makonni a kai. Ya zana rijiya, mutane suna hawa igiya suna fitowa daga cikinta ɗaya bayan ɗaya, igiyar kuwa ba a ɗaure take da komai ba, ta yi sama kawai. Aka ɗaure takardun aka sa a motar Yamai.

Shiru, shiru, har damina ta wuce. Kafin saƙon ya iso, Abdurrahman ya gaji da jira ya bi masu neman zinariya can arewa, Gajere kuma ya mayar da motopomp garkar albasa. Ranar da kwalin ya zo, Titus ya buɗe ya tsaya. Sun manna hoton a kife. Rijiyar ta koma sama kamar tulu da aka juye, mutane suna zubowa daga ciki suna bin igiya zuwa ƙasa, kai a ƙasa.

Na ce ya kira matar ya gaya mata. Ya juya shi daidai, ya kalla. Ya sake kifewa, ya kalla. Ya ce, "Bari tukuna."

A bayan bangon faifan akwai dogon rubutu da wani harshe da ba faransanci ba. Na kai wa wata likita baƙuwa a wurin aikinmu ta fassara mana. Wai Titus makiyayi ne mai yawo a cikin Sahara, kuma hotunansa kuka ne a kan fari da gudun hijira. Titus, wanda in mota ta wuce awa guda da shi sai ya yi amai.

Ya ce, "Ni ban taɓa wuce Maraɗi ba." Can kuma ya ce, "Amma zancen fari da tahiya, ko hakanan na ni ban sani ba?"

Ba mu sami injin da ke kunna irin faifan nan ba, a Madawa ko a Ƙwanni. Gajere ya zo ya ɗauke shi da manyan hannuwansa, ya ɗaga shi a rana, ya shinshina, ya tambaya ta ina aka zuba sautin. Har yau ba wanda ya ji abin da ke ciki a cikinmu.

Innarmu Hulda ta yi shekaru da yanar ido. Tana ganin haske da motsi da inuwar abubuwa, amma komai kamar a cikin hayaƙi, kuma ta ƙi yarda a taɓa ta. Sai bana, da sanyi ya shigo, muka shawo kanta aka yi mata aiki a asibitinmu. Da aka cire bandeji ta ƙare wa jikokinta kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini na tsufa, sa'an nan ta ce tana son a kai ta rumfar Titus. Ta sha zuwa a da, ta zauna ta sha ruwa ta yaba aiki.

Da safe muka shiga taksi. Titus na tsakiyar buga rigunan wata makaranta, ya ajiye roba ya fito da murna ya kama hannunta. Ta shiga, ta ɗaga kai, ta tsaya cik. Ta bi bangon nan da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta ɗaga sandarta ta nuna wani sabo da ni ma ban taɓa gani ba.

"Titus, wagga mata, mi ag ga wuyanta?"

"Tulu na, Inna. Da taga."

"Cikin tagar hwa?"

"Zakara na, shina karatun jarida."

"Hakanan kay yi shi? Da gangan?"

"I, Inna."

"Su duka?"

"Su duka."

Ta lalubi kujera ta zauna. Ta ce, "Ashe ba idona ba na."

Sai ta gaya mana. Duk shekarun nan in ta zo ta ga abubuwa a hargitse a bango, ta ɗauka ɗanta mutane da dabbobi yake zanawa kamar kowa, idonta ne ke cakuɗa su. Har tana yi wa matan zumunta alfahari cewa in Titus ya zana saniya sai ka rantse za ta yi kuka. Shi ya sa duk surutun da ake yi a kansa ba ta taɓa gane dalilinsa ba, ta ɗauka hassada ce.

Titus ya tsuguna a gabanta, hannuwansa duk shuɗin tawada. Ya ce, "Ba ki so, Inna?"

"Ban ce ba. Bari dai in huta." Ta sake ɗaga kai. "Daga ina aka hwara dibin su? Bisa ko ƙasa?"

"Ko'ina."

Ta fara daga gefen ƙofa. Ba ta yi sauri ba. Titus ya koma kan rigunansa yana satar kallonta, ni na fita na sayo mana awara, na dawo na tarar ba ta kai rabin bango ba. Wani wuri ta yi tsaki, wani wuri ta ce "Ikon Allah," wani wuri kuma ta yi ƴar dariya ta rufe baki da mayafi. Da rana ta take na ce mu tafi kada mu rasa mota, sai ta nuna matar nan mai tulu ta ce a sauko mata da ita, za ta kai gida ta ƙara dubawa a natse.

Titus ya naɗe mata ya ɗaure da zare. A cikin taksi an matse mu mu huɗu a baya, ga buhun barkono a kan ƙafafunmu. Mun yi nisa sai ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Lahadi, ke kin gane?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "To."

Ta ɗaga takardar sama da kanta don kada mutumin da ke gefenta ya danne ta, haka ta riƙe har muka iso gida.